Goyon Mai Kunnuwa

"...ya kuma gwiwar, Amarya? Ko tsufan ya ƙarasa ki ban samu labari ba?"

"Wane ne? Ba ma sayen komai yau."

"Mijinki ne."

"Mijina ya ɓata. Har na sa a yi min cigiya, aka ce an ga wasu kunnuwa suna shiga mota."

Kaka ta gane takunsa tun daga bakin ƙofa, don duk zuriyarta babu mai jan takalmi kamar wannan jikan, wanda ta raɗa wa Mai Kunnuwa tun yana cikin tsumma. Asabar tara ke nan ba ta sa shi a ido ba. A da nan yake wuni duk Asabar, ya yanke mata farce, ya taɓa rediyonta, ya share abin da ke cikin tukunya. Yanzu kuwa Litinin zuwa Juma'a yana aiki a gidan renon yara, ƙarshen mako kuma ya shiga wata makaranta, wai reno yake koyo. Kujerarsa tana nan a gindin taga. Kullum sai ta kakkaɓe ta, in maƙwabciya ta tambaya ta ce ƙura ce ba ta so.

"Na ga ma kin daina damuna da waya," in ji shi yana sauke jaka. "Na ce Amarya ta yi hankali."

Makonni ukun farko Kaka ta yi ta sa maƙwabciya tana danna mata lambarsa, kullum amsar ɗaya ce: ina aji, zan kira ki. Daga nan ta ajiye wayar a kan taga ta bar ta.

"Me ke leƙowa daga jakar nan? Ƙafa nake gani."

"'Yarmu ce, ta makaranta. Asabar mai zuwa za a gwada mu wanka da goyo."

Ya zaro wata 'yar tsana ta roba mai nauyin jariri, ido ɗaya a lumshe.

"Ashe haihuwa ka yi a waje. Kama kam ta yi kama, kan nan ba komai a ciki."

"Ke ta biyo. Duba bakin, ba haƙori ko ɗaya."

"Ina da huɗu, kuma duk suna aiki. Wai yanzu reno ne ake zama a aji a koya? Da allo da alli?"

"Har da jarrabawa."

"Ni goma sha ɗaya na rena, har da kai da uwarka ta ajiye min kana wata biyar ta koma aiki, kana nan kamar ɓeran da ruwa ya doka. Wa ya ba ni takarda?"

"Shi ya sa duk muka fito a karkace."

"Kai dai a karkace aka kawo ka. Goya ta in gani."

Mai Kunnuwa ya zaro zane, ya duƙa, ya ɗora 'yar tsanar a bayansa, ya ja zanen ya soke a ƙirji yadda aka nuna masa. Ya miƙe yana murmushi. Bai yi taku biyu ba zanen ya sulale zuwa ƙugu, 'yar tsanar ta sauka da ka a kan siminti.

"Allah ya ji ƙan 'yar mutane," in ji Kaka. "Ta zo duniya ba ta daɗe ba."

"Sau shida ke nan. Duk 'yan ajinmu sun iya, ni kaɗai na rage. Kuma yadda malama ta yi haka na yi."

"Mata nawa ne a ajin?"

"Ashirin da biyu. Ni kaɗai ne namiji."

"To malamarku da jikinta ta nuna muku. Mu mata Allah ya yi mana inda zane ke tsayawa. Kai ƙirji kamar ƙyauren ƙofa, me zai riƙe shi?"

Ya dubi ƙirjinsa, ya dubi zanen. "Wata biyu ina tunanin hannuna ne."

"Kanka ne. To ban da kashe 'ya'yan roba me suke koya muku?"

Nan fa ya samu wurin rama. Ya jawo littafinsa ya buɗe, ya gyara murya kamar mai karanta labarai.

"In jariri ya yi gwaranci, ka amsa masa. Ka dube shi ido cikin ido, ka yi magana, ka jira ya mayar maka."

"Wannan ko akuya ta sani."

"Bari ki ji wanda ba ki sani ba. Jaririn da ya yi ta kuka babu mai zuwa, wata rana zai daina. Sai mutane su ce yaron nan ya yi hankali, ba ya rigima. Alhali ba ƙoshi ya yi ba, fid da rai ya yi."

Kaka ta gyara zaman ƙafarta a hankali.

"Sake karanto min wurin nan. Kunnena ba irin naka ba ne."

"Wata rana zai daina. Sai mutane su ce yaron nan ya yi han..."

Ya tsaya. Idonsa ya kai kan taga, inda wayarta take kwance a gefen kujerarsa. Kunnuwan nan kamar an sassauta musu ɗauri.

"Malamar nan taku ta san aikinta," in ji Kaka. "Ka ce ina gaishe ta."

"Kaka..."

"Yau kuma Kaka na zama? Sakin ya tabbata ke nan. Jawo min akwatin can, ka daina tsaya min a ka kamar turken wuta."

Daga can ƙasan kaya ta zaro wani majanyi, ya koɗe har ba a gane launinsa na asali, gefe ɗaya duk a tattaune.

"Ɓera ya ci miki?"

"Ɓeran yana tsaye a gabana. Da shi ka fitar da haƙora. Duƙa."

Ya duƙa. Ta ɗora masa 'yar tsanar, ta ware mata ƙafafu, ta ja zanen, sannan ta tallabo ƙasanta da majanyin.

"Gefe ɗaya ta kan kafaɗa, ɗaya ta ƙarƙashin hammata, tunda ba a ba ka wurin tsayawa ba. Ƙulla. Ba shaƙe ta na ce ka yi ba. Miƙe."

Ya miƙe, ya taka har bakin ƙofa ya dawo, ya ɗan yi tsalle. Goyo bai motsa ba.

"Jijjiga ta. A hankali, ba buhu ba ce."

Ta kai tafin hannunta bayan 'yar tsanar tana bubbugawa. Roba ce, sanyi ƙalau, amma hannun bai san haka ba, ya kama kiɗansa na da. Ta ji bayanta ya tuno wani ɗumi, da numfashin da ke sauka a tsakanin kafaɗu, da wasu kunnuwa da sai ta lanƙwashe su kafin ta ja zane. Ta janye hannun ta hau gyara ɗankwali.

"Aro ne fa, ba kyauta ba. Duk Asabar a dawo min da shi in duba ko an ƙara cin wani gefen."

"Ƙarfe biyu muke tashi."

"Ban tambaye ka ba."

"Gobe ki sa a danna miki lambata."

"Ni? Na yi hankali. Da bakinka ka faɗa."

Mai Kunnuwa ya yi dariya har goyon yana rawa, ya ɗaga hannu biyu sama.

"Na faɗi, Amarya, kin kayar da ni. Daga yau ni zan riƙa kukan, ke ki riƙa amsawa."

"Sai in na ga dama. Ga kujerarka can, ƙura kawai take tara min."

Ya juya zai zauna.

"Da goyon za ka zauna? Kwance ta tukuna, kisa bakwai ya yi yawa. Miƙo min ita nan in riƙe, kai ka ɗauko abin yanke farce."