Amarya a Gidan Mai

Ranar da amaryata Hadiza za ta fara koyarwa, na rantse ba za ta jira Keke Napep daga Tirwun ba. Ni zan kai ta cikin gari a sabon babur ɗina, kan lokaci. Na tsaya shan mai, ta sauka. Na tayar, na shiga zuba mata kalaman soyayya da na haddace a littattafai. Shirunta na ɗauka kunya ce, har na ƙara murya.

A ƙofar makaranta maigadi ya ce, "Malam, da wa kake magana?"

A keken ta iso, a makare, tana dariya har da hawaye.

Har yau in na goya ta, sai ta dafa kafaɗata ta ce, "Ina nan, Baban Amira. Ci gaba."