Jelar Jangwada da Ƙafar Tabawa

A wani daji mai yawan duwatsu, an yi wani tsohon ƙadangare, Jangwada, wanda bai yarda da kowa ba. Ko sallama ka yi masa sai ya juya ta ya duba bayanta. Abu ɗaya ke karya masa zuciya, wato matarsa Tabawa. Tun shekarar da Shaho ya kai mata sura ya tafi da ƙafarta ɗaya ta gaba, ba ta ƙara hawa dutse ta sha hantsi ba. Shi ke kamo mata fara da kiyashi, yana kawowa yana mita.

Ana nan sai Dila ya dawo daga karatu, ya ce a riƙa kiran sa Likita. Aka tara majalisa a gindin kuka, ya gyara murya ya ce, "Jama'a, kun san jelar ƙadangare in ta gutsure takan sake tsirowa. To, a cikinta akwai wasu ƙwayoyi na asali, su ne irin tsoka da ƙashi, kamar yadda ƙwayar gero take irin zangarniya. In muka ciro su muka dasa a jikin gurgu, zai miƙe. Jela kawai muke nema, ita ma sai da yardar mai ita."

Daji ya ɗauki tafi. Jangwada ya ce a ransa, ruwa ba ya tsami banza. Ya ɗaga murya: "Allah ya gafarta Likita, wa zai tabbatar da yardar tamu?"

"An kafa kwamitin kare haƙƙin ƙadangaru," in ji Dila. "Shaho ne shugaba, don babu wanda ya fi shi sanin ku ciki da waje."

Tirƙashi! Jangwada ya so ya juya, amma ya dubi dungun Tabawa, ya shiga layi.

Ga yadda ake karɓar yarda. Shaho zai karanto doguwar takarda, ya ce, "Ka yarda?" Shi kuwa ƙadangare, kowa ya san halittarsa, ko ana zagin uwarsa gyaɗa kai yake yi. Sai Shaho ya ce, "Ya gyaɗa! A rubuta."

Da jelar Jangwada ta farko aka mayar wa Zaki gezarsa da ta zube. Jangwada ya je ya tambaya. Dila ya ce, "Haba Baba, gwaji ne fa. Ba za mu jefa talaka cikin haɗari ba, manya su fara ɗanɗanawa." Ta biyu ta zama sababbin haƙoran Kura, kuma bareyi suka shaida ingancin aikin. Ta uku ta fito 'yar guntuwa, aka karɓa a haka. Daga nan ba ta sake tsirowa ba. Tabawa na nan da ƙafa uku, mijinta kuma ba jela.

Da damina ta faɗi, ɗan Zaki ya zame ya karye a ƙafa. Aka sake tara majalisa. Dila ya ce, "Bincike ya nuna ƙwayar jela gashi da haƙori take bayarwa. Mai son ƙafa, sai da ƙafa. Kwamiti ya duba cikin tausayi, ya ga bai kamata a gurgunta mai lafiya ba. Tabawa ta riga ta saba. Ita muka zaɓa, in maigidanta ya yarda."

Zuciyar Jangwada ta tafasa. Ya kafe wuyansa, ya ce, "Ban yarda ba! Ku ji da kunnenku, ban yarda ba. Jela uku na bayar don matata ta hau dutse, ban ga komai ba sai geza da haƙora. In kura na maganin zawo, ta yi wa kanta. Wanda ya ci ƙafar farko shi kuka ɗora ya nemi ta biyu? Ku ji tsoron Allah!"

Shaho ya karkata kai cikin ladabi. "Mun ji, Baba. Sai dai dokar kwamiti ba ta san baki ba, kai take dubawa. Ba ma gaggawa."

Aka zauna ana kallon kan Jangwada. Hantsi ya wuce, rana ta take tsaka. Ƙuda ya sauka a hancinsa, bai motsa ba. Wuyansa na rawa, idonsa ya yi ja, ya riƙe. Tun da aka halicci ƙadangare ba a taɓa ganin irin wannan taurin kai ba, har wasu suka fara hamma, Kura ta ce a ɗage zama.

Tabawa kuwa tsoro ya gama cinye ta. Ta ja jiki ta matso kusa da shi, ta ce, "Maigida, tare za mu koma gida, ko?"

Shekara goma bai taɓa barin tambayarta ba amsa ba. Ya dube ta, ya gyaɗa mata kai.

"Ya gyaɗa!" in ji Shaho. "A rubuta."

Har yau ana yabon dajin nan, domin ba a taɓa cire wa kowa komai ba sai da yarda.