Jirgin Ruwan da Ke Kwana a Sharafiyya

Ba zan taɓa mantawa da jirgin ruwan da na kama yana yawo a titunan Jidda ba.

Lokacin ban daɗe da fara aiki a wani kamfani mai ƙananan jirage ba, masu kai abinci da ma'aikata ga manyan jiragen da ke jiran shiga tasha. Kowane jirgi yana da na'urar da ke sanar da inda yake. Aikina in zauna gaban kwamfuta in bi sawunsu a taswira, in gano inda hanyoyi ke cunkushewa har ake tsoron karo. Malam Usman, wani Bahaushen Sudan da ya girme ni a wurin, shi ke turo mini bayanan.

Ni kuwa tun ranar farko ban yarda da shi ba. Mutum ya riƙa yi maka murmushi yana kawo maka shayi ba dalili? (Haka nake. Ko mai taksi ya gaishe ni da fara'a, sai na laluba aljihuna.)

Ana nan sai na ga sawun wani ƙaramin jirginmu ya baro teku ya hau tudu. Ya ratsa unguwar Ammariyya, ya shiga Sharafiyya, ya kwana. Washegari ma haka. Na ce to, an zo wurin. Malam Usman ne ya dagula bayanan, don in kai rahoton banza a kore ni. Wanda iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ke hannun kamfani ya san irin wannan fargabar. Shayinsa ma na daina sha.

Ranar taro na miƙe gaban mudir, wato manajanmu Abu Faisal, haifaffen Jidda da ke haɗa Hausa da Larabci. Maimakon in nuna masa mashigar da jirage ke gogayya, sai na haska sawun nan a bango.

"Ranka ya daɗe, akwai mai yi mana zagon ƙasa a ofishin nan," na ce, ina kallon Malam Usman ta gefen ido.

Abu Faisal ya gyara tabarau. "Yalla, matso da taswirar mu gani. Ina yake kwana?"

Na matso da ita. Wani layi ne a Sharafiyya, kusa da mai gasa burodi. Layinmu. Ƙofar gidan da nake haya.

"Shi ne ma abin, ranka ya daɗe! Har gidana aka sa don a ɓata mini suna."

"Tayyib. Nan kuma fa, da hantsi?"

Jirgin ya tsaya cak gaban shagon ful da tamis (wake da burodi) da nake karin kumallo a Aziziyya, daidai lokacin da nakan ce wa ofis cunkoson motoci ne ya riƙe ni.

Malam Usman ya yi gyaran murya. "Ƙanina, kwalin da direban jirgi ya ba ka ka kai wa mai gyara, ka kai kuwa?"

Kwalin yana kujerar bayan motata. Na'urar jirgin ce a ciki, irin mai batir, kuma a kunne take. Ashe ni ne jirgin.

Abu Faisal ya yi dariya har ya cire tabarau yana share ido. Da ya natsu ya ce, "Halas. Ka ba Usman haƙuri, sannan ka kawo mini aikin da na sa ka. Akwai rayukan mutane a tekun nan, ya akhi."

Na ba da haƙuri, murya can ƙasa. Malam Usman ya ce ba komai, amma har yau in na shigo ofis sai ya ce, "Kaftin ya iso, a ba shi wurin tsayawa."

Zargi dai ban daina ba, gaskiya. Amma yanzu kafin in nuna wani da yatsa, nakan fara leƙa bayan motata.