Ranar da Na Sallami Mai Ruwa

Ba zan taɓa mantawa da daminata ta farko a Arlit ba, duk da cewa na yi iya ƙoƙarina. Shekara shida ke nan, amma har yanzu in na tuna sai in ji kunnuwana sun yi zafi, ko da ni kaɗai ce a ɗaki.

Ni 'yar Madarunfa ce, can kudu da Maraɗi, inda tafki yake a bakin gari, damina kuma damina ce ta gaske. Babana manomi ne, kuma irin mutanen nan ne da maƙwabta ke leƙowa su tambaye shi ko za a yi ruwa kafin su shanya hatsi. Yakan fito tsakar gida ya dubi gabas, ya ɗan shaƙi iska, ya ce a kwashe shanya ko a bar ta. A gabansa na girma, har na ɗauka ni ma na gaji wannan ilimi (ban gaji komai ba sai tsayuwar da ɗaga hancin). Aure ya kawo ni Arlit. Maigidana direban babbar mota ne, yana kai kaya wurin masu haƙar zinariya a Tchibarakaten, in ya tafi sai ya yi sati biyu ko uku. Don haka zaman nawa da mahaifiyarsa ne, Inna, mutuniyar Tawa da ta zo garin nan tun tana amarya, lokacin da marigayi mijinta ya sami aiki a ma'adinai.

Inna ba ta da faɗa, kuma wannan ya fi faɗan gajiyarwa. Gyara take yi, a hankali, daga safe har yamma. In na ɗebi ruwa zan wanke shinkafa, sai ta ce kada in zubar, a ba awaki. In na yi wanki, ruwan ɗauraya na shara ne. In na shiga wanka da bokiti cike, sai in fito in tarar ta zauna tana kallon bokitin. Famfon unguwarmu yakan kawo ruwa ne ranar da ya ga dama, saura kuwa sai mai ruwa ya kawo a amalanken jaki. Wata biyar na yi ina jin kaina kamar yarinyar da aka mayar aji ɗaya. Ban iya shayinsu ba, ban san hanyar kasuwa ba, ban san yadda ake rufe taga da rana a buɗe da yamma ba. Na gaji da zama wadda ba ta san komai ba, na gaji ƙwarai.

Sai aka shiga watan Agusta, sama ta lulluɓe. Kwana da kwanaki rana ba ta fito sosai ba, gajimare ya rufe garin, iska mai ɗan sanyi na kaɗawa da safe. Mutanen gari suka yi ta murna suna cewa rabonsu da irin wannan shekara sun manta. Na ga tsoho sanye da rigar sanyi a ƙofar masallaci, ni kuwa ina tafe ina share gumi da bakin mayafi. Abin da suke kira sanyi, a garinmu ranar ce za a ce yau an yi zafi. Amma ɗigon ruwa ko ɗaya bai sauka ba. Duk ranar da na kira mahaifiyata sai in ji ƙarar ruwa a kan kwano tana danne muryarta. Ta ce tafki ya cika ya tumbatsa, katangar garken awaki ta faɗi, tufafi ba sa bushewa. Ina ajiye waya sai in fito in dubi samanmu, in ce a raina saura ƙiris.

A cikin wannan yanayi aka sa bikin Zali, ƙanwar maigidana. Ɗaurin aure ranar Asabar, baƙi daga Tawa za su iso Juma'a da la'asar. Babban abin da ya hana Inna sukuni ba shinkafa ba ce ko nama, ruwa ne. Famfo ya yi kwana biyar bai ce uffan ba. Ta yi sati tana tarawa har ganguna huɗu suka cika, ta kuma yi magana da Malam Ilu mai ruwa, wani dattijo ɗan Damagaram, cewa ya kawo sawu uku ranar Juma'a. Da safiyar ranar ta tafi da Zali da sauran mata gidan da ake ƙunshi, ta bar ni da aiki biyu: in gyara gida, in karɓi ruwa.

Wajen hantsi na fito zan share tsakar gida, na dubi gabas, sai daɗi ya kama ni. Hadari ne ya haɗu, baƙi ƙirin, tun daga ƙasa har tsakiyar sama. Iska ta tsaya cak. Can nesa na ji rugugin tsawa, sannan wani ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya bugi hancina. Duk alamomin da babana yake lissafawa sun cika, babu wadda ta yi saura. A Madarunfa in aka ga haka, mace mai hankali ta san abin yi: ta yi amfani da tsohon ruwa, ta wanke randuna da ganguna tas, ta jera su ƙarƙashin indararo, ta tari sabo. Macen da ruwa ya sauka ya tarar da randunanta cike da tsohon ruwa, dariya ake yi mata.

Yau dai, na ce, Inna za ta ga abin da ni ma na iya.

Na fara da tabarmi, na wanke su duka. Na wanke labule, na wanke zannuwan gado, na wanke manyan tukwanen da aka aro (masu su sun riga sun wanke su, amma ni na ga kamar da saura). Na kwarara ruwa a tsakar gida na goge simintin da tsintsiya har yana ƙyalli. Na yi wanka da bokiti biyu, karo na farko tun zuwana garin, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗinsa. Sauran da ya rage a gindin gangunan na wanke su da shi na tuntsurar. Da na zo saita su ƙarƙashin indararo sai na ga an toshe bakinsa da tsumma, har tsuntsu ya yi sheƙa a ciki. Mai hankali da ya tsaya ya tambayi kansa dalilin da ya sa tsuntsu ya amince da wurin. Ni tsani na ɗauko, na hau na fitar da komai, ina mamakin sakacin mutanen Arlit.

Ina saukowa Malam Ilu ya yi sallama, jakinsa na tsaye a ƙofa da sawun farko. Na gaishe shi da ladabi, sannan na ce ya huta da wahala, yau Allah ya kawo na sama.

Ya dubi sama, ya dube ni, ya ce, "Amarya, Hajiya ce ta ce in kawo sawu uku."

Na ce, "Baba, ka ga hadarin nan kuwa? Ko ka sauke ba ni da inda zan zuba, gangunan na tarar ruwa ne."

Ya ce shi dai da zan ji tasa, da na karɓi ko sawu ɗaya. Ya ƙara da cewa in ya juya, akwai masu gini a wata unguwa da suka daɗe suna roƙonsa, kuma layin da ya kama tun asuba a wurin ɗiba ba zai sake samunsa yau ba. Na yi masa murmushin nan na wanda ya san abin da wani bai sani ba. Na ce masa ni 'yar manomi ce. Wannan magana har yau in na tuna ta sai in runtse ido. Bai ja da ni ba, ya ce to Allah ya ba da sa'a, ya kaɗa jakinsa ya tafi.

Na ɗauko kujera na zauna a bakin ƙofar ɗaki ina jira. Hadari ya matso har ya rufe garin, iska mai sanyi ta taso, ƙofofi suka fara bugawa. Na ga ruwan da idona, wallahi na gan shi, zare-zare yana saukowa daga cikin gajimare, sai dai kafin ya iso ƙasa ya ɓace a tsakiyar hanya. Ban taɓa ganin irin wannan ba. Daga baya wasu ɗigo suka faɗo a kan kwano, manya-manya, da na so da na ƙirga su. Ɗaya ya faɗo mini a hannu. Shi ke nan. Kafin azahar hadarin ya yi yamma abinsa, ya bar sama fara-fara kamar yadda take tun farkon wata. Tsakar gidan da na wanke ta bushe ƙayau, tabarmi sun bushe, ganguna huɗu na jere baki buɗe, a wanke tsaf, babu ko na jiƙa yatsa.

Na saka mayafi na fita neman Malam Ilu, ni da ban san hanya ba. Na yi ta yawo har ƙafafuna suka yi nauyi, ban gan shi ba. Ina dawowa na tarar motar baƙi ta iso, Inna ma ta dawo, tsakar gida cike da mata da jakunkuna, kowa ya yi buɗu-buɗu, ga yara na kukan ƙishirwa. Tun jiya suke kan wannan hanya mai karya baya.

Babbar baƙuwa ita ce Gwaggo Hadiza, yayar marigayi mijin Inna, tsohuwar da kowa a dangin yake shakka. Ta zauna a kan sabuwar wankakkiyar tabarma, ta yaba tsabtar gidan, ta ce a kira mata ni, matar ɗan ƙaninta, ta gani. Na durƙusa na gaishe ta. Ta sa mini albarka, sannan ta miƙo buta ta ce, "Ɗiyata, cika min, ban yi azahar ba ga la'asar ta kawo jiki."

Na karɓi butar na miƙe. Na tafi wurin gangunan, ban san me nake fata ba. Na leƙa ta farko, na leƙa ta biyu, har ta huɗu, kamar wani zai zuba a bayan idona. Inna ta biyo ni ta leƙa ita ma. Ta ɗaga kai ta ga indararo a buɗe, ta ga tsani jingine, ta ga labule a kan igiya. Ta tambaye ni ko Malam Ilu ya zo. Na ce ya zo. Ta ce ina ruwan. A gaban mata sun fi ashirin, da muryar da ni kaina da ƙyar na ji, na ce, "Na ce ya koma, za a yi ruwan sama."

Sai wata maƙwabciya ta ce, "A Arlit?" Ba da mugunta ta faɗa ba, tambaya ce tsakani da Allah, shi ya sa dariyar da ta biyo baya ta fi ciwo. Gwaggo Hadiza ba ta yi dariya ba. Ta tashi da ƙyar, ta dafa bango, ta je gefen katanga inda akwai ƙasa, ta buga tafukanta ta yi taimama. A gidan biki, a gaban surukai, ni kuma ina tsaye riƙe da butarta.

Abin da ya fi wannan nauyi a raina shi ne abin da Inna ta yi. Ta ɗauki jarka biyu, da ƙunshin bikin ɗiyarta a hannu, ta fita gida-gida roƙon ruwa. Matar da ta yi shekaru a unguwar nan ba a taɓa ganinta a ƙofar wani da buƙata ba. Na ce ta bari in je, ta ce ba su san ni ba tukuna. Kafin magariba jarkoki suka fara shigowa, wata ta kawo cike, wata rabi, kowa ya rage daga abin da ya tanada wa 'ya'yansa. Aka dafa abinci, aka yi shayi, aka ɗaura aure washegari. Wanka kuwa, baƙi da kofi suka yi shi, ni kaɗai ce mai tsabta a bikin.

Bayan an watse Inna ta ce ni zan mayar da jarkokin, a cike, kowace gidanta. Kwana uku na yi ina bin gidaje, kuma a kowane gida sai an zaunar da ni an ba ni shayi an ce in ba da labarin da bakina. Malam Ilu da ya kawo ruwan cikawa, lafiyar babana kawai ya tambaye ni da yadda gona take.

Ranar da na kai ta ƙarshe na dawo na zube a tabarma, Inna tana tsintar shinkafa. Ba ta ɗago ba ta ce, "Ɗiyata, hadarin ga ba namu na ba. Can bisa duwatsun Ayar shi ka sauke ruwanai, mu inuwa muka samu." Na ce na gane, na kuma ba ta haƙuri karo na ban san nawa ba. Ta ci gaba da tsintarta, can ta ce, "Ke ruwa kinka zubar. Ni shekarar da anka kawo ni, hatsin da uwata ta ba ni na shibka bayan gida, tiya guda. Wata biyu ina zuwa dubawa."

Na tambaye ta wa ya sani. Ta ce duk waɗanda suka sani sun mutu, kuma in ta ji maganar a waje ta san inda ta fito.

Abin da na koya bai da yawa. In ka je garin mutane, ko sama ka kalla, nemi ɗan gari ya fassara maka ita. In kuwa dole sai ka yi wauta, yi irin ta Inna, a bayan gida, ba ranar da baƙi za su zo ba.