Rasuwar Shuɗiya, Motar Baba Tela

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda ɗaci ya yi wa yawa, Baba Tela na ƙarshen layi yake sanar da 'yan uwa, maƙwabta da abokan ciniki rasuwar motarsa, Shuɗiya. Ta rasu a garejin amininsa bakanike, wanda kowa ya sani da Sifana, bayan jinyar da sai daga baya aka gano ba ta kai ta mutuwa ba.

Marigayiya ta girmi duk 'ya'yan gidan. A hannun yayansa Baba Tela ya gaje ta tun yana da baƙin gashi, ya ɗinka mata rigunan kujeru da kansa, ya yi musu bakin zare kamar na wuyan riga. Ita ta kai maiɗakinsa asibiti a haihuwar fari, ita ta ɗauko kekunan ɗinkinsa ranar da ya koma sabon shago. Ba a taɓa tura ta da safe ba. Yana murɗa makulli za ta ce "kirrr, gum", ta ɗauki numfashi mai kauri irin na dattijuwar da ta san darajar kanta. Ba ta da sauri, ba ta kuma taɓa cewa tana da shi ba.

Ciwon ajalinta ya zo ta baibai. Sauran motoci ƙin tashi suke yi, ita kuwa ƙin mutuwa ta kama. Baba Tela zai tsaya a ƙofar shago, ya kashe, ya zare makulli ya sa a aljihu, amma injin na nan yana "tuf, tuf, gurrr, tuf", duk jikinta na karkarwa, salansa na fitar da wani wari mai hawa kai. Mai aski na kusa da shi yakan leƙo ya ce, "Baba, ka sallame ta mana, ta ƙi tafiya." Shi kuwa bai taɓa jin haushi ba. A zuciyarsa gani yake rabuwa da shi ne ba ta so.

Ya yi mata jinya iya ƙarfinsa. Ya sauya fulogi, ya sauya gidan man da yake sha mata, ya koyi sa giya ya taka birki ya saki kuloci a hankali har ta shaƙe ta yi shiru. Wannan dabarar ita ta fi yi masa ciwo, don ji yake kamar ya toshe mata baki da hannunsa. Da abin ya ƙi, sai ya kai ta wurin Sifana, mutumin da suka tashi layi ɗaya, wanda ko rigar aikinsa Baba Tela ne yake yi wa faci.

Sifana ya ɗaga bonet, ya kasa kunne, ya ce a bar masa ita. Da Baba Tela ya koma, sai ya tarar an sauke injin an rufe shi da buhu. Sifana ya goge hannu da tsumma, idonsa na ƙasa.

"Aboki, sai haƙuri. Ta tsage daga ciki. Irin wannan ba ya gyaruwa."

"Ba abin da za a yi?"

"Da akwai, ai da na yi."

Baba Tela bai nemi a ɗaga buhun ba, don ba ya son ganin ta a haka. Har godiya ya yi. Aka jawo masa gangar jikin gida da igiya, aka ajiye ta a inda ta saba kwana. Kowace safiya yakan fito da bokiti ya wanke ta, ya ɗan zauna a ciki, sannan ya tafi shago da ƙafa.

Ana nan, wata ranar ya biyo ta gidan mai, sai ya ji murya. Wata farar tsohuwar mota ce ta shigo, an yi mata fenti tana ƙyalli, wani ɗan gayu a ciki. Jikin ba na Shuɗiya ba ne, amma numfashin nata ne, har da ɗan tarin nan da take yi in an saki totur. Ya tsaya yana jiran "tuf, tuf". Ɗan gayun ya murɗa makulli, injin ya yi tsit nan take, cikin ladabi.

Baba Tela ya matsa ya ce, "Samari, ina ka samu injin nan?"

"Wurin Sifana, Baba. Ya ce na wani tsoho ne da ya gaji da shi. Kunkunniya ce kawai ta taru a ciki, in ta yi zafi sai ta riƙa kunna mai da kanta. Ya kankare, ya rage silo don kada ya riƙa gudu a tsaye, shi ke nan. Lafiya ƙalau yake."

Bai san yadda ya isa garejin ba. Sifana na ganin fuskarsa ya ajiye abin da ke hannunsa. Bai musa ba, bai kuma ba da haƙuri ba.

"Ka je ka tambayi 'yarka," abin da ya ce ke nan.

A tsakar gida ya samu babbar 'yar tasa tana shanya. Ta saurare shi har ya gama, sannan ta durƙusa.

"Ni na roƙe shi ya ce ba ta gyaruwa, Baba. Sayarwar kam ban sani ba, wallahi. Amma ka bugi ƙyauren gida ka ce ba ka gan shi ba. Ka kusa take mai kayan miya a bakin titi. Zare ma sai an zura maka a allura. Mun yi maka maganar idonka, ka ce ƙura ce a gilashi."

Ya juya wurin maiɗakinsa, wadda take tsaye a ƙofar ɗaki.

"Har ke?"

"Har ni, Malam. Gara ka yi fushi da ni kana raye."

Duk ranakun da yake fitowa da bokiti, ashe suna kallon sa ta taga, sun sani. Wannan ya yi masa ciwo. Akwai kuma wanda bai gaya wa kowa ba: shi ya yi mata hidima tun ƙuruciya ta ƙi jin maganarsa, baƙo ya murɗa makulli sau ɗaya ta bi.

Marigayiya ta bar tayar safaya wadda ba ta taɓa taka ƙasa ba, da jak mai ciwon baya, da rediyon da tasha ɗaya ya sani. Ta bar tabon baƙin mai a ƙofar gida, an kuma hana kowa wanke shi. Ta bar mai ita, wanda tun ranar nan yake cin abinci shi kaɗai a shago. Injinta kuwa, da yake yawo a cikin gari a jikin wata, iyalan mamaciya ba su lissafa shi cikin magada ba.

Za a yi jana'izarta ranar Asabar da hantsi. Za a ja gawar daga ƙofar gida zuwa filin masu sayen tsohon ƙarfe, a hankali, ta gaban shago, don mai aski da sauran waɗanda suka yi mata dariya su samu damar neman gafara. Ana karɓar gaisuwa a shagon bayan an dawo. Masu zuwa da mota, don Allah su ajiye ta a bakin layi su ƙaraso da ƙafa.

Sifana ya aiko cewa zai ja ta da motarsa. An gode, an samu wani.

Baba Tela ne zai riƙe sitiyari, ya ce motar da ba ta da inji ba za ta kashe kowa ba. 'Yarsa ta nemi ya bar ta ta zauna kusa da shi ta riƙa gaya masa hanya. Bai ce to ba, bai ce a'a ba, har yanzu ma gaisuwarta da ka yake amsawa. Amma jiya da yamma an gan shi ya buɗe ƙofar gefe, yana kwashe ƙyallayen da suka taru a kan kujerar.