Yadda Ake Zama Masanin Ƙudaje Ta Hoto

Bi matakan nan biyar, na ba ka tabbaci kafin mangwaro ya nuna duk manoman garin Chulucanas za su riƙa cire maka hula. Matakan nan Don Casimiro ya bi, tsohon telan nan da ya shekara uku yana cin kifin Doña Herminia, bazawara mai abinci a bakin kasuwa, ya kasa ce mata yana so. Ya ga ilimi ne kawai zai yi masa magana.

1. Sayi tabarau

Ba sai na magani ba. Da an turo hoton ƙuda a zauren manoma na waya, ka saka tabarau ɗinka, ka yi shiru na awa biyu. Masani ba ya gaggawa.

2. Kushe hoton

"Haba mutumina, wannan hoto ne ko hayaƙi? Ina jijiyoyin fiffike? Ɗauko min shi ta ƙasan cikinsa." Kafin mutum ya durƙusa ƙudan ya tashi, kai kuma ka fita lafiya.

3. Raɗa masa dogon suna

Babu mai bincikawa. Casimiro daga kwalin maganin hawan jininsa yake kwasowa.

4. Faɗi halinsa

Suna kaɗai ba ya burge mace. Wata Lahadi baƙuwar lamba ta turo hoton ɗan mitsitsin ƙuda a gefen faranti, da tambayar ko yana cutarwa. Casimiro ya san Herminia na karanta zauren, sai ya gyara zama.

"Wannan ai tsohon sani ne," ya rubuta. "Ba ya sauka sai inda ƙazanta ta yi kaka-gida. Mai farantin nan a taimaka masa da sabulu."

Manoma arba'in suka tuntsire da dariya. Casimiro kuwa daɗi har kunnensa.

5. Tambayi farantin waye

Wannan ya kamata ya zo farko, mantawa na yi. Can sai ga saƙon murya, kowa na ji:

"Casimiro, Herminia ce, sabon layi na yi. Kifi na gyara maka, da nufin ka zo gida yau mu yi maganar da ka kasa yi shekara uku. To, ƙazama ta gode. Kare ya cinye."

Gargaɗi: ni ƙudaje na ce zan koya maka. Abin da ya faru da aurenka ko abincin ranarka, babu hannuna. Mai ƙorafi ya sami Don Casimiro a shago wajen azahar, yana tura busasshen burodi da ruwa, yana korar wasu ƙudaje da har yau bai san sunansu ba.