Cikin da Inna Ta Yi Raino

Ko da zan manta da ranar aurena, ba zan taɓa mantawa da safiyar da aka ɗebi jinina a asibiti ya fito kamar an dama shi da kindirmo ba. Har yau in na tuna sai in ji haushin kaina ya taso min sabo, domin babu abin da ya jawo min sai bakina, wanda ya ƙi buɗewa a inda ya kamata, ya je ya buɗe a gaban ƙwarya.

Ni tela ce a Rano, ɗinkin mata nake yi a cikin gida. Duk wadda ta taɓa kawo min ɗinki ta san ba na wasa da tef. In mace ta shanye ciki don awonta ya ragu, sai in tsaya in zuba mata ido har numfashinta ya ƙare. "Saki cikin nan, Hajiya, ke za ki sa rigar ba ni ba." Haka nake ce musu, har da taƙama.

To ni ma ina da tawa damuwar. Tun ina budurwa al'adata sai ta ga dama take zuwa. Bayan aure abin ya ƙaru, watanni su wuce shiru, ga teɓa ta turo, ga wasu 'yan gashi a haɓa da nake tsigewa a ɓoye (maigidana ya sani, yana dai yi kamar bai gani ba, Allah ya saka masa). Haihuwa kuwa shiru. Da na gaji na je asibiti, likita ta yi min hoto, ta ce abin da ke damuna ana kiransa PCOS, wato ƙwai ba ya nuna ya fita a kan lokaci, kuma masu shi sukan tara kitse a ciki da kuma a jini. Ta ce akwai maganin da zai taimaka ƙwan ya fita, amma ba za ta fara ba ni ba sai an auna ƙuguna da nauyina, an gwada kitsen jinina. Ta ja min kunne cewa daga abincin dare kada in ƙara sa komai a baki sai ruwa, har a ɗebi jinin da safe.

Abin da likita ba ta sani ba shi ne ina da suruka. Inna, mahaifiyar maigidana, Bafulatana ce a Durba, mai shanu, mai kirki har ya yi yawa. Ita tuni ta gama nata binciken. Ta lura duk zuwan da take yi ba na fashin sallah, ta ga ciki ya turo, sai ta yanke hukunci cewa juna biyu gare ni, cikin ne kawai ya kwanta, kuma ba abin da zai tashe shi sai ci. Man shanu ya dinga zuwa kwalba-kwalba. Ni kuma in ce mata me? Wace mace ce za ta dubi idon uwar mijinta ta hau yi mata bayanin ƙwai da al'ada? Na ce wa ɗanta ya faɗa mata, ya ce shi ma da wane bakin. Muka bar ta a haka, ina kunya yana kunya, man shanu yana shiga.

Ranar gwajin na tashi da yunwata tsaf, ina shirin fita, sai ga sallamar Inna. Ashe maigidana, bawan Allah, ya faɗa mata a waya cewa zan je asibiti, bai ƙara ko kalma ɗaya ba, ita kuma ta biyo motar farko don ta raka ni. Ta sauke ƙwarya cike da fura da kindirmo, man shanu yana yawo a kai, ga dambu a gefe shi ma ya sha mai.

"Maza shanye, 'yar nan. Mai ciki ba ta fita da yunwa."

Na ce, "Inna, sai na dawo."

"In kunyata kike ji, ga shi na juya."

Ta kuwa juya min baya ta zauna a bakin ƙofa, ta tare hanya. Na dubi ɗakin nan ko zan sami inda zan juye furar, babu. Na dubi maigidana, ya ɗauki hularsa ya ce ya makara, ya raɓa ta gefenta ya fice. Na ce bari in ɗan kurɓa don ta ga alama. (Gara in faɗi gaskiya, furar ta yi daɗi. Ban san lokacin da na ga gindin ƙwarya ba, dambun ma bai tsira ba.) A hanya na lallashi kaina cewa kafin layi ya zo kaina ai duk ya narke.

Layi ya yi tsawo kuwa. Da aka zo kaina mai ɗibar jini ya tambaye ni ko na ci wani abu, na ce a'a, ko idona bai ƙifta ba. Daga nan aka tura ni ɗakin awo, Inna tana biye da ni riƙe da mayafina. Nas ɗin da na tarar ita ce Sista Rabi, wadda nake yi wa ɗinki, wadda na sha yi wa faɗa a kan shanye ciki. Ta zagaya min tef a ƙugu, ni kuma ban san sanda na ja numfashi na riƙe ba. Ta tsaya, ta zuba min ido, tana jira.

"Saki cikin nan, Hajiya," ta ce, da irin muryata sak.

Kafin in gama jin wannan kunyar Inna ta miƙe. "Ke yarinya, a hankali! Kar ki matse min jika da igiyar nan!"

Sista Rabi ta dube ni, na dubi ƙasa. Ana cikin haka likita ta shigo, 'yar kwalbar jinina a hannunta. Ruwan da ya taso a saman jinin, wanda ya kamata ya zama garai-garai, fari ne fat. Fuskarta ba wasa. Ta ce in da gaske ban ci komai ba jinina ya yi haka, to kitsen ya kai inda ake tsoro, dole a ajiye maganar maganin haihuwa gefe, a yi watanni ana fama da wannan tukuna. Sannan ta sake tambaya, "Kin tabbata ba ki ci komai ba?"

Shekarun da na yi ina jira, ga magani ya zo hannu, zan tura shi gaba da ƙaryata. Na buɗe baki, amma Inna ta riga ni.

"Wa ya ce ba ta ci ba? Ni na dama mata da hannuna, ƙwarya guda, da man shanu sabon kaɗi. Ta shanye tas, har dambu. Ai ba na barin mai ciki da yunwa."

Sista Rabi ta juya tana gyaran sikeli, kafaɗunta suna rawa don dariya. Likita ta ajiye kwalbar ta ce, "Wane cikin, Inna?" Sannan ta dube ni. Ba sauran wanda zan laɓe a bayansa. A gaban likita da nas da tef a ƙuguna, na faɗa wa surukata abin da na kasa faɗa mata a ɗakina: babu ciki, bai taɓa shiga ba balle ya kwanta, ciwo ne, kuma man shanun ƙara shi yake yi.

Na saci kallon Inna. Na ɗauka faɗa za ta yi. Sai ta ce a hankali, "Ashe duk watannin nan kitse nake raino." Ta goge ido da bakin mayafi. "Ke kuma kina ta haɗiya, ke kaɗai da ciwonki. Da kin faɗa min, 'yar nan, ai da zogale zan dinga kawowa."

Aka sa min wata ranar don a sake gwajin. Inna ta kwana a gidanmu don kanta, ta zauna a bakin ƙofar nan dai, wannan karon don kada ko ƙwayar gyaɗa ta wuce. Kitsen ya ɗan hau amma bai kai na tsoro ba, likita ta fara ba ni magani. Yanzu duk zuwan Inna da ganyen zogale take zuwa, ta tasa ni gaba mu taka har bayan gari, ta dawo ta ɗauki tef ɗina na ɗinki ta auna ni da kanta, ko lambobin ba ta karantawa, da farce take riƙe wurin.

Abin da na koya shi ne, kunyar da na ƙi ji a ɗakina ba tafiya ta yi ba, asibiti ta riga ni ta zauna tana jirana da 'yan kallo. Masu kawo min ɗinki kuwa sun samu sauƙi. In mace ta shanye ciki yanzu, sai in kau da kai in ba ta lokaci ta sake shi da kanta.